Hostal Ba Hotal Ba Ne

Takardar shafi biyu ce kawai. A ƙasan shafin farko akwai 'yan akwatuna biyu da ake so ɗalibi ya sa wa ɗaya alama. Na sama ya ce masaukin jami'a. Na ƙasa ya ce gidan haya a cikin gari, a rubuta adireshi.

Kwana tara ke nan takardar na hannun Saloma ba ta sa wa ko ɗaya alama ba. Ran Juma'a za a rufe karɓa. Yau Laraba.

Ranar da wasiƙar Ingila ta iso Zuru, mahaifinta Saja Mika sai da ya yanka akuya. Tsohon soja ne, ba mai yawan dariya ba, amma ranar har rawa ya taka a tsakar gida. 'Yarsa ta gama karatun haɗa magunguna, ta yi bautar ƙasa, ga shi an ba ta tallafin shekara guda a ƙasar Turawa.

Murnar ba ta kai mako ba Mama Joel ta zo taya murna.

Mijinta marigayi da Baba tare suka shiga soja, bariki ɗaya suka zauna a Kaduna. Ɗanta Joel shekara bakwai yana Ingila, a garin da Saloma za ta. Kirsimetin bara da ya zo gida ya ce yana son Saloma. Ta ce masa an riga shi. Ya yi dariya kawai ya ce ba ya sauri.

"To ɗiyata, a ina za ki zauna can?" Mama Joel ta tambaya tana gyara gyale.

"Hostal, Mama."

"Ina?" in ji Baba. Kunnensa na hagu ya mutu tun a Laberiya.

Mama Joel ta matso ta ɗaga murya. "Hotal ta ce, Saja. Irin na 'yan makaranta. Maza da mata, ƙofa na kallon ƙofa."

Shi ke nan. Baba ya san hotal. Shekara shida ya yi yana shiga hotal-hotal na bayan bariki yana jawo sojojin da suka ƙi komawa aiki. Ya san warin wurin, ya san matan da ke zama a ƙofa. Saloma ta rubuta masa kalmomin biyu a bayan kalanda, ta nuna masa harafin da ya raba su. Ya ce harafi ɗaya ba ya mai da gidan banza gidan kirki.

Mama Joel kuwa da maganinta a hannu ta zo. Gidan da Joel ke ciki akwai ɗaki a sake. Yayarsa Glory na nan da mijinta, za ta riƙe Saloma kamar ƙanwa. Tuwo za ta ci, coci za a kai ta.

"In kin shiga hotal," Baba ya ce, "ba da yawuna ba. Kuma kada ki dawo gidan ga ki ce ke ɗiyata ce."

Saloma ta san Zuru. Duk yarinyar da ta kwana shekara guda a ƙarƙashin rufin Joel, ta ci abincinsa, ba mai tambaya ko ɗakinta daban ne. Kafin ta dawo an gama ɗaura musu aure a baki, a kasuwa da ƙofar coci. Kuma dangin saurayinta Haggai ba za su bar shi ya aure ta bayan irin wannan maganar ba.

Da la'asar ta zuba kunu a jarka ta nufi gona.

Haggai na can cikin dawa shi da abokansa huɗu. Malamin firamare ne a Dabai, amma duk damina, da an tashi daga makaranta, sai ya ɗaura fartanya a bayan mashin ya zo gonar Baba. Golmo yake yi, noman da saurayi ke yi wa gidan surukai shekara bakwai kafin a ba shi mata. Samarin yanzu da yawa sun daina. Baba ya ce shi a gidansa ba a daina ba. Haggai bai yi gardama ba. Wannan daminar ce ta bakwai.

Abokan suka karɓi kunun suka koma gindin ɗorawa suna yi masa tsiya. "Ticha, a yi a hankali, Baturiya ce yanzu!"

Ya share zufa da gefen riga ya dube ta. "Kin yi kuka."

"Baba ya ce gobe da safe ka zo ka karanta masa takardar."

"Ni?"

"Ya ce ni mai son tafiya ce, fassarata ba ta da tabbas. Ya ce kai shekara bakwai ba ka taɓa ce masa ka gama kunya goma alhali tara ka yi ba."

Ta miƙa masa takardar. Ya goge hannu a wando ya karɓa. Yana karantawa leɓensa na motsi, kamar yadda yake yi a gaban aji. Da ya zo tsakiyar shafi na biyu ya tsaya.

"Saloma, ai maza da mata ne."

"Kowa da ɗakinsa. Kowa da makullinsa."

"Hawa ɗaya. Kicin ɗaya."

"Ɓangaren mata zalla ya cika tun watan Yuni. Ba ni na cika shi ba."

"Ba ki taɓa faɗa mini ba."

"Ga shi na faɗa." Ta nuna wurin da yatsa. "Layi ɗaya ne, Haggai. In ka zo wurin ka tsallake shi."

Ya ɗago ya dube ta kamar bai ji ba.

"Ban ce ka yi ƙarya ba. Ka tsallake kawai. Baba ba zai sani ba."

"Ni zan sani."

"To ka sani mana! Ka sani ka yi shiru. Shekara nawa nake yin shiru saboda kai? Wanda bai zo gidanmu ba wane ne? Ɗan kansila ya zo, likitan nan na Yawuri ya zo da mota. Na ce musu ina da wanda ke noma. Ƙawayena na yi mini dariya, wai na yi digiri ina jiran mai fartanya. Na taɓa kawo maka ƙorafi?"

"Ba ki taɓa ba."

"Yau na roƙe ka abu ɗaya."

Hawayen da take riƙewa tun daga gida suka zubo. Ba ta share ba.

"Ka san me zai faru in na shiga gidan su Joel? Da safe in fito in gan shi. Da yamma in dawo in gan shi. Ban san hanya ba, shi zai nuna mini. In yi zazzaɓi, shi zai kai ni asibiti. Uwarsa na nan tana zagaya gari da hotuna. Ko ban so shi ba, Haggai, ko na tsane shi, me zan ce wa mutane? Me za ka ce wa babanka?"

"Na sani."

"Ka sani, amma?"

Ya naɗe takardar a hankali ya miƙa mata. "Tsohon nan ba don na fi kowa Turanci ya kira ni ba. Fasto ya fi ni. Ya kira ni ne don ya yarda da bakina. In na cuce shi gobe, ran da ya gane, kuma zai gane, Mama Joel na nan, da wane ido zan shiga gidansa? Kuma ke, in kin ga na iya yi wa mahaifinki haka, ran da na ce miki ina makaranta za ki yarda?"

"Wa'azi na zo ji?"

"Saloma."

"Gaskiyarka ta fi ni ke nan."

"Ban ce haka ba."

"Ka ce. Ka yi ta gaskiyar. Ka noma wa Joel gona shekara bakwai, ka kai masa amarya har ƙofa."

Ta ga maganar ta shige shi. Fuskarsa ta canza, ya sunkuya ya ɗauki fartanyar. Ta juya ta tafi ko jarkar ba ta ɗauka ba.

Alhamis ƙarfe tara Mama Joel ta riga kowa zama a falo, da jakarta a cinya. Baba na kujerarsa, ya juyo da kunnen dama. Mama Rebecca, mahaifiyar Saloma, na bakin ƙofar kicin tana tsince shinkafa a faranti. Tun da aka fara rigimar nan ba ta sa baki ba.

Haggai ya cire takalmi a waje, ya tsugunna ya gaida kowa. Bai dubi Saloma ba.

"Karanta," in ji Baba. "Duka. Kada ka rage mini ko wasali."

Ya fara. Ya karanta da Turanci, ya mayar da Hausa, inda Hausar ta ƙi ya ƙarasa da yarensu na C'lela. Ɗaki na mutum ɗaya. Gado, tebur, abin ɗumama ɗaki. Tafiyar minti biyar zuwa aji. Mai gadi a ƙofa dare da rana. Baƙo ba ya wuce ƙofa sai ya rubuta suna.

Saloma na bin yatsansa da ido. Yatsan ya sauko tsakiyar shafi na biyu ya tsaya.

A zuciyarta ta ce, tsallake. Don Allah tsallake.

"Sun ce kowane hawa ɗaki takwas ne," Haggai ya ce. Muryarsa ta yi ƙasa, sai ya gyara ta. "Maza da mata a haɗe. Kowa da ɗakinsa da makullinsa. Kicin ɗaya suke amfani da shi."

"Ahaf!" Mama Joel ta tafa hannu. "Mi na ce, Saja? Na yi ƙarya?"

Baba ya dubi Saloma. "Kin san da wanga?"

"Na sani, Baba."

"Kika ɓoye."

Ta sunkuyar da kai. Ɗakin ya yi mata duhu-duhu. Ta ji hawaye na ɗiga a bayan hannunta.

"An gama," in ji Baba. "Gidan su Glory za ki. Mama Joel, kawo adireshin."

Mama Joel ta buɗe jaka da sauri ta zaro wata takarda a ninke. "Ga ta, daga mai gidan ta hito, Joel ya aiko. Adireshin na sama. A kwahe shi kawai."

Baba ya dubi Saloma tana ta hawaye. "Ba ta iya rubutu yanzu. Haggai, kai ka rubuta. Hannunka ya fi kyau."

Saloma ta rufe ido. Da hannunsa zai rubuta.

Ta ji ƙarar buɗe takarda. Ba ta ji an fara rubutu ba. Ta buɗe ido. Haggai bai ɗauki biro ba, karatu yake yi, leɓensa na motsi.

"Sama na ce, malam," in ji Mama Joel. "Sauran ba naka ba ne."

"Baba," Haggai ya ce, "ka ce kada in rage maka komai. Wannan ma in karanta?"

"Saja, takardar haya ce, ba abin da..."

"Karanta."

"Mai gidan ya ce gidan ɗaki biyu ne, falo ɗaya, banɗaki ɗaya. Mutum biyu kawai ya yarda su zauna. Na farko Joel, ga sunansa. Na biyu an rubuta Saloma Mika, saura ta sa hannu."

"Glory fa?"

"Babu sunanta, Baba."

"Duba baya."

Ya juya takardar. "Babu."

Baba ya juya gaba ɗaya a kujerar, abin da ba ya yi saboda ƙugunsa. "Mama Joel, ina Glory take?"

"Tana zuwa. Kusan duk wata tana zuwa."

"Daga ina?"

"Landan. Ai ƙasa ɗaya ce, Saja."

"Saloma, daga Landan zuwa garin ga?"

"Kamar daga nan zuwa Kaduna, Baba."

Mama Joel ta fara magana da sauri. Joel ai ɗa ne a gidan nan. A hannun Saja ya girma. Yaro ne mai tsoron Allah, ko giya ba ya sha. Kuma in ma wani abu ya shiga tsakaninsu, laifi ne? Ba gara na gida ba da Turawa da 'yan wata ƙasa? Marigayi da bakinsa ya sha cewa...

"Bar marigayi ya huta," in ji Baba.

Ya daɗe yana kallon ƙasa. Saloma ta san wannan zaman. Haka yake yi in an ba shi umarni biyu da ba ya son ko ɗaya.

"Haggai. Kai mi kake so?"

"Ba na son ko ɗaya, Baba. In da ta ni ce, ta zauna Zuru."

Saloma ta ɗago ta dube shi. Bai taɓa faɗa mata haka ba.

"Amma ba ta ni ba ce. Ta sha wahalar karatun nan, dole ta je." Ya ajiye takardun biyu a tebur, gefe da gefe. "A nan maza suna da yawa, ba wanda ya san sunanta, kuma makullin ɗakinta na hannunta. A nan namiji ɗaya ne, makullin ƙofar gida na hannunsa, kuma ya riga ya faɗa maka abin da yake so."

"Ji shi!" in ji Mama Joel. "Kishi ke magana."

"Kishi ne, Mama. Ban musa ba."

"Duk da haka hotal hotal ne," Baba ya ce, amma muryar ba ta da ƙarfin jiya. "Maza da mata kicin ɗaya. A ina aka taɓa yi?"

Mama Rebecca ta ajiye farantin shinkafar.

"A Kaduna, Baban Saloma."

Kowa ya juya.

"Layinmu ɗaki goma ne. Huɗu na masu iyali, shida na gwauraye. Kicin ɗaya, famfo ɗaya. Ƙofarmu na kallon ta Kofur Lawwali. Ka ɗauki jakarka ka tahi Laberiya wata goma sha huɗu ka bar ni nan da goyo. Mama Joel na ɗaki na uku, ga ta nan, ta ƙaryata ni. Da ka dawo ka ji wani abu a kaina?"

Baba ya kau da kai.

"Ina tambaya ne."

"Ban ji ba."

"To."

Ta ɗauki farantinta ta ci gaba da tsince shinkafa.

Baba ya jawo takardar jami'ar ya riƙe ta nesa da ido, ko da yake ba ya ganin ƙananan rubutun. "Ka ce da mai gadi a ƙofa?"

"Dare da rana, Baba."

"Baƙo sai ya rubuta suna?"

"Haka suka ce."

"Kowa da ɗakinsa." Ya ajiye takardar. "Ai wanga bariki ne. Mi ya hana ku ce mini bariki tun farko? Kun tsaya kuna ta hostal, hostal, kamar masu ciwon haƙori."

Ya tura wa Saloma biro.

"Sa alamar. Amma ki ji ni. Duk Lahadi ki kira wayar uwarki. Ran da Lahadi ta wuce ba ki kira ba, ni da ke ne. Kuma wanga ɓoye-ɓoyen da kika yi mini, ban manta ba."

"Na gode, Baba. Ka yafe mini."

"Sa alamar, na ce."

Ta sa a akwatin sama.

Mama Joel ta ninke takardarta ta mayar a jaka. Ba ta yi fushi a fuska ba. Ta miƙe, ta gyara gyale, ta yi wa Baba sallama da ladabi. Sai da ta kai bakin ƙofa ta sa takalmi sannan ta waigo.

"Ɗiyata, ran goma sha takwas ga wata jirginki ke sauka, ko? Na riga na hwaɗa wa Joel. Ya ɗauki hutun ranar. Tun asuba shina filin jirgi da mota."

Saloma ta dubi Baba.

"Wanga kam ba laifi," in ji Baba. "Ai dole wani ya tare ta. Ki yi masa godiya."

Mama Joel ta yi murmushi ta fita.

Haggai ya yi sallama shi ma, ya ce yana da aji ƙarfe goma sha ɗaya. Saloma ta bi shi har gindin mangwaron da ya jingine mashin.

"Abin da na faɗa jiya a gona..."

"Bar shi."

"Ba zan bari ba. Ban kyauta ba." Ta tsaya a gabansa. "Da gaske ka fi so in zauna?"

"Da gaske."

"Me ya sa ba ka taɓa faɗa ba?"

"Da kin zauna. Da kuma ba ki yafe mini ba."

Ya hau mashin ya buga. Bai tashi ba. Ya sake bugawa, ya ƙi. Sai ya bar shi, ya riƙe kan mashin da hannu biyu yana kallon hanyar da Mama Joel ta bi.

"Mai gadin nan da na karanta, ƙofar hostal kawai yake tsaro," ya ce. "Daga filin jirgi zuwa can awa nawa ne?"

"Biyu, in ji takardar."

"A duk ƙasar, wa kika sani ban da shi?"

Ta so ta ce akwai. Ta lalubi suna ko ɗaya ne, 'yar ajinsu, 'yar cocinsu, ƙanwar wani. Yana kallon ta, yana jira, da idon nan da ya karanta wa Baba takarda.

"Babu kowa," ta ce.